Tambayar da Na Kasa Yi wa 'Yar Farina

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, masu bin wannan shafi da waɗanda yau ne suka faɗo. Na ga masu tambaya a ƙasa, wai me dattijo mai furfura yake nema a dandalin soyayya. Wata ma ta rubuta, "Baba, ka yi ɓatan hanya ne?" Ban yi ɓatan hanya ba, 'yata. Soyayyar ba tawa ba ce, amma ni ta hana sakat.

Sunana Ishaya. Kafinta ne ni a Birnin Kudu, ina kuma da 'yar gona a Kangire. Yarana uku. Maza biyun suna nesa, ɗaya a aikin soja, ɗaya a makaranta. Babbarsu mace ce, malamar firamare, ita ce 'yar farina. Ba zan faɗi sunanta ba, don tun da aka haife ta bakina bai taɓa kama shi ba. Za ku ji shi a bakin wasu.

Haka muka tashi muka tarar. Gidanmu sun karɓi Almasihu tun zamanin kakana, mun bar abubuwan da da yawa, amma kunyar ɗan fari ba ta bar mu ba. Uba ba ya kiran sunan, ba ya zama hira, ba ya nuna ya damu. Idan ina nemanta sai in tsaya a tsakar gida in ce, "Wai wa ke nan ne?" alhali na san mu biyu ne kaɗai a gidan.

A al'ada uwa ta fi uba wannan kunyar. Amma matata Jummai ta ce ita ba ta yi naƙuda don ta zo tana kauda kai ba. Sunan take kira gatsau, su zauna suna tsince shinkafa suna ƙyalƙyala dariya. Ita ce 'yar aike tsakaninmu. In yarinyar na son kuɗin makaranta, a bakin Jummai zan ji. In na ga ta rame, Jummai zan tambaya. Ko zancen saurayin ma a bakin Jummai na fara ji.

Daminar da ta wuce ta waccan Ubangiji ya ɗauki Jummai, bayan doguwar jinya. A daminar dai ruwa ya kwanta a gonar Kangire, dawar ta ruɓe a tsaye. Ba zan ɓoye muku ba, na yi watanni ban iya addu'a ba. In na durƙusa sai in ji bakina ya yi nauyi. Yarinyar nan ce ta riƙe addu'ar safe da mamarta ta kafa. Gari na fara haske za ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta yi karatu, ta rufe ido ta yi addu'a da ƙarfi, ni ina zaune kamar baƙo. Sannu a hankali muryata ta dawo. Yau kalma biyu, gobe uku. Da addu'ar safen nan Allah ya ɗaga ni, ba da wani abu ba.

To amma in an tashi daga tabarma, sai kowa ya koma kunyarsa. Da waya muke magana, jama'a, a gida ɗaya. Tana ɗakinta ina nawa, sai in ji ƙit.

"Baba abinci na kan tebur."

Ni kuma in rubuta, "To."

Wani lokaci in ƙara da, "An gode." Ranar da na rubuta haka hira ta yi tsawo ke nan.

Saurayin sunansa Sabo, malamin dabbobi ne a Gwaram. Yaro ne dogo, mai sanyin magana, a ƙungiyar mawaƙan cocinsu shi ne mai muryar nan ta ƙasa da ke sa benci rawa. Duk yammacin Lahadi yakan zo a kan babur, cikin farin yadi da hula mai ruwan toka, ya durƙusa tun daga zaure ya gaishe ni, ya ajiye ƙwan zabi ko man shanu da makiyaya suka ba shi. Jummai ta san shi, ta kuma yaba da shi. Rasuwarta ce ta tsayar da maganar, mutanensa suka ce za su jira mu share hawaye. Sun kuwa jira.

Sai kwanakin baya na lura babur ya daina zuwa. Na ga yarinyar ta daina sa jan leshinta na Lahadi, sai wata koɗaɗɗiyar atamfa da ɗaurin ɗankwali na ko-oho. Na gani, amma ban san ta inda zan fara ba.

Ranar Litinin ina shago ina goge ƙafar kujera, saƙon murya ya shigo daga yayata Hannatu, wadda ke aure a Gwaram, cocinsu ɗaya da iyayen Sabo. Yaya Hannatu ba ta san ana magana a waya a hankali ba. Ina dannawa shagon ya ɗauka.

"Ishaya! Kana nan kana buga ƙusa, gidanka na rushewa! Turai ta ce wa yaron mutane ya haƙura, ya nemi wata. Na kira ta, wai 'ba komai Gwaggo.' Ba komai a gidan wa? Uwar yaron ta riga ta fara duba masa wata a garin Sara. Da ƙyar na roƙe su, sun ce ran Asabar za su zo su ji daga bakin gida, in e e, in a'a a'a, daga nan ba su ƙara dawowa. Ka tambayi 'yarka! Ba dodo ba ce, kai ka haife ta!"

Na kashe wayar, na waiga. Malam Ɗan'azumi tela, wanda shagonsa ke jikin nawa, gidansa kuma ke jikin gidana, ya tsayar da keken ɗinkinsa yana kallona ta saman tabarau.

"Ban ji komai ba," in ji shi.

"Ai har masu faci a bakin titi sun ji."

"To tunda na ji, yaushe za ka tambaye ta?"

"Yau ɗin nan."

Da na koma gida na zauna a bakin gado na ɗauki waya. Na rubuta, "Kina son yaron nan ko ba kya so?" Na karanta, na ji kunya ta rufe ni har kunnuwa, na goge. Na rubuta, "Game da maganar Gwaram." Na goge. Na rubuta, "Gwaggonki ta kira." Na goge. Daga ƙarshe abin da na tura shi ne:

"Akwai sauran gishiri a gidan nan?"

Ƙit. "Akwai Baba."

"To."

Kada ku yi mini dariya. Wanda bai tashi a irin gidanmu ba ba zai gane ba. Na fi ƙaunar in hau rufin bene ba tsani da in dubi yarinyar nan in ce mata "so."

A raina na yanke cewa ta daina sonsa ne. Na ce to, in haka ne ba mai tilasta mata, ko Yaya Hannatu za ta fasa mini waya da ihu. Har na fara shirya kalmomin ba da haƙuri. Washegari na gaya wa Malam Ɗan'azumi haka. Ya ajiye almakashi ya dube ni kamar na zo masa da yadin da bai isa ba.

"Kafinta, kai dai katako kawai ka iya karantawa."

"Me na yi kuma?"

"Matata Hapsatu ce ke yi mata kitso. Ka san kan mace in yana kan cinyar mai kitso, bakinta ba ya rufuwa. Yarinyar nan kuka ta yi har aka kasa gama layi. Tana son yaron kamar ranta."

"To me ya sa ta kore shi?"

"Saboda kai."

"Ni? Ni da ban ce uffan ba?"

"Ai shi ne. Ta ce in ta tafi Gwaram wa zai dafa maka, wa zai wanke maka, wa zai tashe ka addu'a. Ta ce ta ga yadda ka zama bayan rasuwar mamarta, ba za ta bar ka ka koma can ba. Wai gara ta tsufa a gida."

Na zauna a kan kujerar da ban gama haɗawa ba, ta yi ƙara, na miƙe. Malam Ɗan'azumi ya ce in je in gaya mata ta kwantar da hankalinta. Na ce ai magana ba ta da amfani, aiki za ta gani. Nan take dabara ta zo mini, na kuma ji daɗinta ƙwarai. Zan nuna mata cewa zan iya riƙe kaina. Zan yi tuwo.

"Kai?" in ji shi. "Ka taɓa riƙe muciya?"

"Ni nake sassaƙa ta."

"Allah ya sa mu ji alheri. Bari in gaya wa Hapsatu ta tanadi ruwa a bokiti."

Ranar Alhamis da yamma takan tafi koyon waƙa a coci. Tana fita na rufe ƙofa, na tuɓe riga na saura da singileti, na shiga madafi. Shekara da shekaru ina ganin ana tuwo, a ganina ba wani abu ba ne: ruwa, gari, juyi. Na hura wuta da guntayen katakon shago, waɗanda ashe wasu da fenti a jikinsu. Hayaƙi ya tashi baƙi ƙirin. Ruwa na tafasa na ɗauki garin dawa na juye gaba ɗaya. Ban san ana fara yin talge ba. Wa ya taɓa gaya mini?

Abin ya haɗe ya zama dunƙule-dunƙule. Na sa muciya na danna, tukunya ta zame, na tare ta da ƙafa, na ƙone. Na ƙara ruwa, ya zama kunu mai duwatsu. Na ƙara gari, muciyar ta tsaya cak a tsakiya kamar an dasa ta. Miyar kukar kuwa, na zuba kukar a ruwa ban kaɗa ba, ta taru a sama tana kallona. Daddawa na jefa ta ɗungurungum ban daka ba.

Sai na ji murya ta saman katanga. Hapsatu ce, ta taka turmi.

"Baban Turai, lafiya? Gobara ce?"

"Girki ne."

Ta leƙa tukunyar daga nesa, ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. "Ka kawo in gyara maka, ba wanda zai sani."

"A'a. Da hannuna nake so."

"To ai da hannunka ɗin ne kuwa. Ba mai musu."

Na kwashe da mara yadda na iya, na jera a kwano, na rufe, na share madafi, na sa riga na zauna a ƙofar ɗaki ina duba waya kamar ba abin da ya faru. Ƙafata na zafi amma zuciyata fari tas.

Ta shigo da sallama, ta tsaya, ta shaƙi iska. Ta shiga madafi ta daɗe. Ta fito da kwanon ta zauna a kan tabarma, ta ba ni baya, ta yi addu'a, ta fara ci. Jama'a, ta ci. Ina jin gudajin na ƙara a bakinta, ta cinye malmala guda. Ta tashi ta shige ɗaki.

Ƙit. "Baba an gode. Akwai man ƙuna a kan taga. Gobe ni zan dafa."

Na ce a raina, to, ta gani. Sai na gutsuri nawa na kai baki. Ɗanyen gari a ciki, ƙauri a waje, ga ɗanɗanon fenti. Ko akuyar Malam Ɗan'azumi da na miƙa wa ta shinshina ta yi gaba.

Can na jiyo ƙarar kankare tukunya a bayan madafi, a tsakanin kankarar kuma ina jin shessheƙa. Ba a jima ba Yaya Hannatu ta kira.

"Me ka yi wa yarinyar nan? Yanzu ta tura wa Sabo saƙo wai ya gaya wa mutanensa kada su ɓata man mota!"

"Tuwo na yi."

"Ka yi me?"

"Tuwo."

Ta rage murya, abin da ban taɓa ji daga gare ta ba. Sannan ta ce, "Ishaya, Allah ya shirye ka. Za mu zo ran Asabar ko ta so ko ta ƙi. Saura ya rage naka."

Na so in nuna mata zan iya, na ƙare da nuna mata gaskiyarta.

Ranar Juma'a na ɗauki guduma da ƙusoshi na tafi coci, don akwai bencin da ke girgiɗi a ɓangaren mata, na daɗe ina cewa zan gyara. Ba kowa a ciki, sai tantabaru a rufi. Na gyara bencin, na zauna in gwada shi. Sai na ga ashe layin da Jummai ke zama ne, kusa da taga, inda take ajiye tulun kiɗanta na zumuntar mata.

Ban yi niyyar addu'a ba, ita ta zo da kanta. Na ce, "Ya Yesu, ka ga dai inda na kai kaina." Na gaya masa komai, har da fentin. Ina cikin magana sai na ji abin da ban so ji ba. Kunyar nan gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ba ce. Shirun yana yi mini daɗi, don muddin ban tambaya ba, yarinyar tana gida. Ina tsoron gidan nan ba motsin kowa. Ina tsoron tabarmar safe ni kaɗai.

Na yi kuka a wurin, irin wanda ban yi ba ko ranar jana'iza, don ranar mutane na kallo. Da na gama sai na ji wani sanyi ya sauko mini a ƙirji. Na tuna watannin da bakina ya mutu, da gonar da ta ruɓe, da yadda duk da haka ba mu kwana da yunwa ba: zumuntar mata sun yi ta kawo kwano, Malam Ɗan'azumi ya turo buhun gero bai ce komai ba, aiki ya riƙa shigowa daga inda ban zata ba. Wanda ya riƙe ni a lokacin bai tsufa ba, bai kuma ƙaura ba. Ya yi amfani da hannun yarinyar nan, amma ba ita ce Allahna ba. Nauyin da na bari ta ɗauka ba nata ba ne.

Na fito ina jin kaina sakayau. Sai dai har na isa gida ban san yadda zan gaya mata ba. Na ɗauki waya, na ajiye.

Asabar gari ya waye, ta shimfiɗa tabarma kamar kullum. Tana sanye da koɗaɗɗiyar atamfar nan, idanunta sun kumbura. Ta yi karatu muryarta ƙasa-ƙasa, ta rufe littafin, ta ce, "Mu yi addu'a." Kafin ta buɗe baki na riga ta.

"Ya Ubangiji Allahnmu, mun gode da ka tashe mu lafiya." Na yi gyaran murya. Idona a rufe gam. Sai na ga ashe in ido na rufe, kuma ba da ita nake magana ba, bakina ba ya nauyi. "Ya Uba, akwai wata baiwarka a gidan nan. Ka san ta, ba sai na faɗi suna ba. Ni ba na iya yi mata magana, kai ka san yadda aka rene mu. To ga saƙo, ka isar mini."

Na ji ta gyara zama.

"Ka gaya mata ta yi mini abin da 'ya'ya maza goma ba su yi ba. Ka gaya mata na gode. Amma ka tuna mata cewa kai ne ka ɗaga ni, kuma ba za ka bi ta Gwaram ka bar ni a Birnin Kudu ba, kana can kana nan. Ka gaya mata tuwon shekaranjiya kuskure ne, ba zan sake ba, akwai masu sayar da abinci a bakin kasuwa, kuma Hapsatu ta ce za ta koya mini talge."

Na ji wani sauti, ban sani ba dariya ce ko kuka.

"Ya Ubangiji, ka gaya mata in ta tsufa a gidan nan saboda ni, wannan ne zai karya ni, ba kaɗaici ba. Kuma ka tambayar mini ita, don baƙi na hanya: yaron nan na Gwaram, tana sonsa ko ba ta so? In ta ba ka amsa, ka bari in ji. Cikin sunan Yesu."

Zakaran maƙwabta ya yi cara, wani ya tada babur a waje. Ban buɗe ido ba.

Can sai muryarta ta fito.

"Ya Uba na sama, na ji saƙon bawanka."

"Amin," na ce.

"Ka gaya masa ban taɓa jin ya yi doguwar magana haka ba, na gode."

"Amin."

"Ka gaya masa tsoro nake ji. In na rufe ido sai in gan shi zaune shi kaɗai bai ci komai ba."

"Ubangiji ya cire tsoro. Amin."

Ta ja numfashi. "Amma tunda ya tambaya a gabanka, ba zan yi ƙarya ba. Ina son Sabo. Ina sonsa tun Mama na da rai, ban kuma daina ba."

"Amin! Amin!" Na ɗaga hannu sama, hawaye na zuba, ban damu ba.

"In nufinka ne, na yarda a ba su."

"Amin, ya Yesu!"

"Ka ba Baba lafiya da tsawon rai."

"Amin!"

"Ka sa ya riƙa cin abinci a kan lokaci."

"Amin!"

"Ka kuma buɗe masa ido ya ga Mama Afiniki, da ta yi shekara tana tambayata lafiyarsa, ka sa kafin Kirsimeti ya je ya gaishe ta."

"Amin!"

Amin ɗin ya riga ya fita. Da ƙarfi kuwa, har tantabarun kan katanga suka tashi. Sai da ya fita kunnena ya kai wa ƙwaƙwalwata labari. Na buɗe ido. Mama Afiniki ita ce ma'ajin zumuntar mata a cocinmu, mijinta ya rasu da daɗewa, tana sayar da waina a bakin tasha.

Yarinyar nan na kallona. Ido cikin ido, abin da ba mu taɓa yi ba. Fuskarta jiƙe da hawaye, bakinta na rawa da dariya.

"Baba, ka ce amin."

"Ke, ban ji ƙarshen ba ne."

"Na ji, Allah ma ya ji."

"Ai ba a yi wa mutum tarko a cikin addu'a!"

"Wa ya fara?" Ta naɗe tabarmar tun ina kai, ta ruga ɗaki.

Da hantsi motar Gwaram ta tsaya a ƙofar gida. Yaya Hannatu ce ta fara saukowa da zanin zumunta da jaka a hammata, fuskarta a ɗaure, ta shirya faɗa. Sai ga yarinyar ta fito tarbarsu cikin jan leshi, da ɗauri mai hawa biyu da ɗan kunnen mamarta. Yaya ta tsaya, ta dube ta, ta dube ni.

"Ka tambaye ta?"

"Na aika."

"Wa ka aika?"

"Wanda ba a ƙi amsa masa."

Dattawan coci biyu da ƙanen mahaifina suka zauna da baƙi a zaure, ni ina shagon Malam Ɗan'azumi kamar yadda ya kamata, ina ta murza hula a hannu. Ba a daɗe ba guɗar Yaya Hannatu ta tsaga unguwa, Hapsatu ta karɓa daga nata gidan. An ba su. Sabo, da ya laɓe a bakin titi da baburinsa tun safe, ya turo mini saƙo: "Baba, Allah ya saka da alheri. Ban san me zan ce ba." Na rubuta masa, "To." Na duba, na ga ya yi kaɗan, na ƙara, "Ka riƙe ta da kyau, ɗana."

Malam Ɗan'azumi ya miƙo mini hannu, ya riƙe bai saki ba.

"Barka, Kafinta. Sai dai Hapsatu ta ce da asuba ta ji wani amin ta kan katanga, wanda ya fi sauran ƙarfi."

"Matarka ba ta da aiki sai hawa turmi?"

"Ni dai tela ne. In da ɗinkin da za a yi kafin Kirsimeti, a kawo da wuri."

Na fizge hannuna na bar masa shagon.

Yanzu baƙi sun tafi, gida ya yi tsit, sai muryar yarinyar nan a madafi tana waƙar yabo, irin yadda ba ta yi ba tun rasuwar mamarta. Na gode wa Allah har ban san iyaka ba. Amma ga damuwar da nake ciki, jama'a. Gobe Lahadi. Wurin zamana a coci yana layin gaba na maza, zumuntar mata kuma suna zama daidai gabanmu, suna fuskantar jama'a, ma'aji a tsakiya. Shekara da shekaru ina zama a nan ban taɓa tunanin inda zan sa idona ba.

Ban yi alkawarin komai ba. Ina so ku zama shaida, ban ce zan je gaisuwa ba. Shaddata mai ruwan bulu dai da ke ƙasan akwati, na fito da ita, na kai wa mai guga.